Yadda Ingilishi yake faɗin niyya da shiri: fashin baƙi ga mai koyo a Damagaram

Ɗalibin da ya tashi a Damagaram ba ya fara haɗuwa da Ingilishi sai ya shiga ajin farko na kolej, bayan ya shafe shekara shida a firamare yana karatu da Faransanci. Saboda haka duk lokacin da ya buɗe baki zai yi jimlar Ingilishi, harsuna biyu sun riga sun zauna masa a ka, wato Hausar gida da Faransancin aji. A da, mutane da yawa sun ɗauki Ingilishi darasi ne da ake haddacewa domin jarrabawar BEPC ta kammala kolej da ta bakaloreya ta kammala lise, wato babbar sakandare, in an ci a ajiye shi. Yanzu lamarin ya canza, domin kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, ga kuma tsohuwar hulɗar kasuwanci da ta karatu da ke tsakanin Damagaram da Kano, ko ta hanyar Matamaye da Daura ko ta Magarya. Wanda zai nemi gurbin karatu a Jami'ar Bayero, ko aiki a wata ƙungiyar agaji, ko zai yi ciniki ta waya da ɗan kasuwar Dubai, da wuya a daɗe ana magana ba a tambaye shi abin da yake shirin yi ba. A nan ne kuwa masu koyo da yawa suke tuntuɓe, har da waɗanda suka iya ba da labarin abin da ya wuce ba tare da kuskure ba.

Tushen matsalar shi ne aikatau na Ingilishi ba shi da siffa ta musamman ta lokaci mai zuwa. Bafaranshe yana manna ɗafa-ƙeya a jikin aikatau ya ce “je partirai”, mai sauraro ya san nan take cewa maganar gaba ake yi. Aikatau na Ingilishi kuwa siffa biyu kawai yake da ita ta fuskar lokaci, ta yanzu da ta abin da ya shuɗe, kamar “go” da “went”. Idan Bature ɗan Ingila ko ɗan Amurka zai yi maganar gobe, sai ya nemi taimakon wasu kalmomi, ko ya ari siffar lokaci mai ci ya ɗora mata ranar da yake nufi. Hanyoyin da ya fi amfani da su huɗu ne: “will”, da “be going to”, da lokaci mai ci irin na “I am leaving”, da siffar yau da kullum irin ta “the bus leaves”. Abin da ya kamata mai koyo ya riƙe tun farko shi ne nisan lokaci ba ya cikin abin da ke raba su. Ana iya faɗin abin da zai faru nan da minti biyu da kowace a cikinsu, ana kuma iya faɗin na shekara goma da kusan kowace. Abin da ke raba su shi ne yaushe aka yanke shawarar, da ko an riga an ƙulla ta da wani mutum, da kuma abin da mai magana ya dogara da shi.

Littattafan makaranta da yawa suna jera waɗannan hanyoyi a cikin jadawali, kowace da ƙa'idarta, amma an fi ganin bambancinsu idan suka haɗu a cikin zance guda. Mu ɗauki yaron shago a kasuwar Dole, wanda maigidansa yake sa shi magana da masu kawo kaya saboda shi ne ya yi lise. Mai kaya ya bugo waya, a tsakiyar hira ya ce ya rage farashin katan ɗin sabulu. Yaron ya rufe bakin wayar da tafin hannu, ya ce, “Alhaji, sun sauko da kuɗin, mu ɗauka?” Alhaji ya gyaɗa kai. Abin da yaron zai faɗa a wayar shi ne “OK, we'll take fifty cartons”, domin yanzun nan aka yanke shawarar, a gaban mai kayan. Da a ce tun daren jiya Alhaji ya zauna ya yi lissafinsa, ya ce masa, “Gobe ka gaya musu katan hamsin muke so,” to da jimlar ta zama “We're going to buy fifty cartons”, domin niyyar ta riga wayar. Bayan an gama ciniki, an samu direba, an tsayar da rana da shi, sai yaron ya ce “We're collecting them on Thursday”, wato magana ta wuce niyya ta zama shiri da aka ƙulla da wani. Idan kuma mai kayan ya tambayi lokacin tashin motar haya da za ta kai masa takardu, amsar ita ce “The bus leaves at six”, saboda wannan lokaci ne da tasha ta tsayar, ba yaron ba ne ya zaɓa, ba kuma Alhaji ba. Duk jimlolin nan huɗu da “za” Bahaushe zai faɗe su: za mu ɗauka, za mu saya, za mu kwashe, za ta tashi. Wannan ne ya sa mai koyo yake jin kamar “will” ita kaɗai ta wadatar.

Tarihin kalmomin yana taimakawa wajen gane halinsu. A tsohon Ingilishi “will” aikatau ce mai ma'anar so ko yarda, kuma har yau wannan ma'ana ba ta rabu da ita ba. Shi ya sa ita ce kalmar alkawari, kamar “I'll pay you on Monday”, ita ce kalmar tayin taimako, kamar ɗalibin da ya ga malaminsa ya rungumo tarin littattafai ya ce “I'll carry them, sir”, ita ce kuma kalmar roƙo a cikin “Will you close the door?”. Korewarta, wato “won't”, takan nuna ƙin yarda, kuma a nan Hausa da Ingilishi sun yi daidai ƙwarai: abin da Bahaushe yake cewa mota ta ƙi tashi, shi Bature yake cewa “The car won't start”, kowannensu ya ba motar rai da taurin kai. Aiki na biyu da “will” take yi shi ne hasashe da ra'ayi, inda mai magana yake faɗin abin da yake ganin zai faru ba tare da wata alama a gabansa ba. Saboda haka ake yawan jin ta tare da “I think”, da “probably”, da “I'm sure”. Wanda ya ce “I think millet will be cheaper after the harvest” yana faɗin abin da ya sani ne game da farashin hatsi idan kaka ta yi, bai ɗauki alkawarin komai ba.

Ƴar'uwarta “shall” ba ta buƙatar dogon bayani. Tun a 1653 masanin lissafi na Ingila John Wallis ya rubuta ƙa'idar cewa “shall” ce ta dace da “I” da “we”, kuma tsofaffin littattafan makaranta sun riƙe wannan ƙa'ida har ta iso ajujuwanmu, amma a maganar yau da kullum ta kusa ɓacewa, musamman a Amurka. Inda ta rage da ranta shi ne a tambayar tayi ko neman shawara, kamar “Shall I open the window?” da “Shall we go?”, sai kuma a takardun kwangila da na doka, inda take nufin wajibi.

“Be going to” ita ce ya kamata ta fi sauƙi ga mutumin Damagaram, domin harsunansa biyu duk suna da irinta. Asalinta maganar tafiya ce, wato mutum ya kama hanya zai je ya yi wani abu, kuma tun wajen ƙarshen ƙarni na 15 ta fara rikiɗa ta koma alamar niyya. Faransanci ya bi wannan hanya da “je vais partir”. Hausa ma haka, domin “za” da muke nuna lokaci mai zuwa da ita, ita ce dai a cikin “Ina za ka?” da “Za ni kasuwa”, inda take nufin tafiya da ƙafa. Sai dai wannan kusanci shi ne yake haifar da kuskuren da aka fi ji a bakin ɗalibai, wato “I go to travel tomorrow”, wanda kwaikwayon “je vais voyager” ne kalma bayan kalma. Ingilishi ba ya yarda da haka, dole sai an sa “am” ko “is” ko “are”, an kuma ƙara “-ing”, a ce “I am going to travel”. Wasu kuma sukan gauraya hanyoyin biyu su ce “I will going”, ko su cusa “to” bayan “will”, alhali aikatau tsirara ne yake bin “will”. Ban da niyya, “going to” tana da aikin hasashe, amma hasashen da ke da shaida a gaban ido. Idan hadari ya haɗu daga gabas a watan Agusta, iska ta fara kwasar ƙura, masu talla suna tattara faranti, abin da ake cewa shi ne “It's going to rain”. Wanda yake zaune a watan Afrilu cikin tsananin zafi yana tunanin damina, shi ne zai ce “I think it will rain early this year”.

Hanyar da masu koyo suka fi gudu, ita ce kuma wadda masu harshen suka fi amfani da ita idan ana maganar shirin mako, ita ce lokaci mai ci. An koya wa ɗalibi cewa “I am eating” yana nufin yanzu-yanzu, saboda haka idan ya ji “I'm seeing the doctor on Tuesday” sai ya ga kamar an yi kuskure. Babu kuskure a ciki, kuma Hausa ma tana yin haka, domin mukan ce “Gobe ina tafiya Yamai” ko “Ran Asabar muna da ɗaurin aure”. Sharaɗin shi ne abin ya kasance wanda mutum yake iya shiryawa, kuma an riga an ɗauki wani mataki a kansa, kamar an yanki tikiti, ko an tsayar da rana, ko an gayyaci mutane. Wannan ne dalilin da ya sa ba a cewa “It's raining tomorrow”, tunda ba wanda ya yi yarjejeniya da ruwan sama. Bambancin da ke tsakanin “I'm going to marry next year” da “I'm getting married in March” shi ne bambancin da ke tsakanin saurayin da ya ƙudurta aure a ransa da wanda aka riga aka kai kuɗin gaisuwarsa aka sa rana. Idan baƙo ya tambayi mutum “What are you doing on Friday evening?”, ya kamata ya gane cewa sau da yawa share fage ne na gayyata, kuma amsa da “I will rest” takan zo wa mai tambayar banbaraƙwai. Abin da yake jira shi ne “Nothing special” ko kuma “I'm visiting my uncle”.

A ganina ya kamata malamai su faɗa wa ɗalibai gaskiya cewa iyakokin nan ba katanga ba ne. A jimloli da yawa “will” da “going to” duk suna shiga, ba wanda zai ɗaga gira. Takardar jarrabawa ce take buƙatar amsa guda, shi ya sa mai tsara tambaya yakan ɓoye alama a cikin jimlar, irin su “Look at those clouds!” ko “I've already bought the ticket”, kuma ɗalibin da ya koyi neman wannan alama ya gama da tambayar. A maganar baki kuwa wurare kaɗan ne zaɓin yake canza ma'ana sosai, amma waɗannan wuraren su ne masu nauyi, domin su ne na alkawari da tayi da alƙawarin haɗuwa.

Wurin da Faransanci ya fi yi wa mai koyo illa, Hausa kuma ta fi yi masa rana, shi ne jimla mai sashe biyu, wadda sashenta na farko yake nuna lokaci. Bafaranshe yana cewa “Quand j'arriverai, je t'appellerai”, ya sa lokaci mai zuwa a sassan biyu. Ɗalibin da ya bi wannan sawu sai ya rubuta “When I will arrive, I will call you”, wanda kuskure ne da ake cire maki a kansa. Daidai shi ne “When I arrive, I'll call you”. Ƙa'idar ita ce bayan “when”, da “as soon as”, da “before”, da “after”, da “until”, da “if”, ba a sa “will”, ana sa siffar yanzu ne ko da maganar baɗi ake yi. Da ɗalibin zai saurari Hausarsa da bai faɗa wannan rami ba, domin ba Bahaushen da yake cewa “idan zan iso zan kira ka” yana nufin bayan isowarsa. Cewa muke “Idan na iso zan kira ka”, “Da zarar an biya mu zan aiko maka”, “Kafin in tafi zan biyo”. A duk waɗannan “za” ɗaya ce tak, a sashen da ke ɗauke da babban zance, kuma haka tsarin Ingilishi yake. Inda za a yi hattara shi ne idan “when” tambaya ce, domin a nan “will” tana dawowa: “When will you arrive?” daidai ne, haka ma “I don't know when he will arrive”, tunda a nan ba sharaɗin lokaci aka kafa ba, abin da ba a sani ba ake faɗa.

Hausa tana da wani abu kuma da littattafan Ingilishi ba su san da shi ba balle su yi amfani da shi wajen koyarwa. Masana nahawunmu suna lissafa lokaci mai zuwa iri biyu. Na farko shi ne na “zan zo”, mai ƙarfi. Na biyu shi ne wanda ake ja da faɗuwar murya, kamar a “na zo” da “ma gani” da “kwa ji”, wanda yake nuna abin yana iya faruwa amma mai magana bai ɗaure kansa ba. Duk wanda ya taɓa gayyatar aboki suna ya ji ya ce “To, na leƙo” da wannan jan murya, ya san kada ya ajiye masa kwano. Ingilishi ba shi da wannan siffa, saboda haka yake hawa da sauka a kan wasu kalmomi. “I'll definitely come” ya fi kowanne ƙarfi, sai “I'll come”, sai “I'll probably come”, sai “I may come” ko “I might come”, wanda shi ne ya fi kusa da wancan “na leƙo”. Haɗarin shi ne mai koyo ya ɗauki maganar da a Hausa ta kunya ce ko ta kawar da zance, ya fassara ta da “I will come”, wanda a kunnen mai harshen alkawari ne da za a tuhume shi a kansa.

Nan ne maganar “in sha Allah” take shigowa. Musulmi yana faɗinta ne bisa umarnin da ke cikin Suratul Kahfi, aya ta 23 da ta 24, cewa kada mutum ya ce zai aikata wani abu gobe ba tare da ya jingina shi ga nufin Allah ba, kuma ba wani dalilin da zai sa ya bar ta don yana magana da Ingilishi. Yana iya faɗinta yadda take, ko ya ce “God willing”, wanda tsohuwar magana ce a harshen. Abin lura kawai shi ne wanda bai saba da ita ba yakan ɗauka alamar shakka ce, saboda haka ya fi kyau a haɗa ta da jimla mai rana da lokaci, kamar “I'm sending the report on Monday, God willing”, yadda mai sauraro zai ji shirin a tsaye yake. “Hopefully” kuwa ba madadinta ba ce, domin ita fata take nunawa tare da rashin tabbas. Haka kuma “I'll try” a bakin ma'aikacin ofis sau da yawa ana jin ta ne a matsayin rabin ƙi.

Wurin da duk waɗannan suke taruwa su yi wa mutum hukunci shi ne ganawar neman aiki ko ta neman tallafin karatu, inda kusan ba a rasa tambayar “What are your plans after graduation?”. Ɗalibar da ta gama Jami'ar André Salifou, idan ta jero “I will do a master's, I will come back, I will open a school”, nahawunta bai karye ba, amma jimlolin sun fito da nauyi ɗaya, kamar mai karanta rantsuwa, kuma masu tambaya ba za su iya bambance abin da ta fara aiki a kansa da abin da take mafarki ba. Amsar da ta fi nuna hankali ita ce wadda ta ba kowane shiri nauyinsa: “I'm taking an English test in May. After that I'm going to apply for a master's in public health. I hope to work in my region, and one day I'd like to open a clinic.” A cikin jimla uku ta nuna abin da aka tsayar wa rana, da abin da ta ƙudurta, da abin da take fata, da burin da ke can nesa. Kalmomin da ake wannan aiki da su kaɗan ne, amma kowace da abin da ke bin ta. “Plan”, da “intend”, da “hope”, da “would like”, da “decide” duk “to” da aikatau tsirara suke ɗauka. “Think” kuwa “of” ko “about” take ɗauka tare da “-ing”, a ce “I'm thinking of studying in Zaria”, ba “thinking to study” ba. Mafi yaudara a cikinsu ita ce “look forward to”, wadda ake rufe wasiƙun ofis da ita, domin “to” ɗinta ba irin ta sauran ba ce, “-ing” take bi: “I look forward to hearing from you”. Na lura wannan kuskure ɗaya yakan ɓata wasiƙar da ta yi kyau tun daga sama har ƙasa, kuma a layin ƙarshe yake zuwa, inda idon mai karatu ya fi tsayawa.

Akwai wasu siffofi da mai koyo zai buƙata idan ya ɗan yi nisa. “Be about to” ita ce “ina gab da”, kamar “I'm about to leave”. “Will be” tare da “-ing” tana nuna abin da mutum zai kasance cikin yi a wani lokaci, kamar “This time tomorrow I'll be travelling to Niamey”, kuma tana da amfani na ladabi, domin “Will you be using the car?” tambaya ce ta neman sani kawai, ba ta da ƙamshin umarnin da “Will you” take da shi. “Will have” tare da siffar aikatau ta uku tana nuna abin da zai kammala kafin wani lokaci, kuma kusan kullum tare da “by” take tafiya: “By June I will have finished my thesis”. A kula da “by” da “until”, domin ta farko wa'adi ce, wato kafin ranar ko a ranar, ta biyu kuma ci gaba ne har zuwa ranar. Wanda ya rubuta wa shugabansa “I will send it until Friday” ya ce zai yi ta aikawa ne har Juma'a. Sai kuma “was going to”, wadda ake faɗin niyyar da ba ta cika ba da ita, kamar yadda muke cewa “Da zan zo, sai baƙi suka sauka”: “I was going to come, but we had visitors”. Wannan jimla ce ta neman uzuri da kowa yake buƙata, amma da wuya a same ta a farkon littafi.

Mutumin Damagaram yana jin Ingilishin Najeriya fiye da na kowace ƙasa, a tasha da kasuwar Kantin Kwari da finafinai, kuma yana da kyau ya san abin da yake na can ne kawai. “I go pay you” Ingilishin buroka ne, inda “go” take aikin “za”, kuma a wurinsa daidai ne, amma ba ya shiga takardar jarrabawa ko wasiƙar ofis. “Next tomorrow” da ake cewa a madadin jibi, ɗan Landan ba zai gane shi ba, shi “the day after tomorrow” ya sani, kuma ba shi da kalma guda ta gata ko ta citta, sai dai ya ce “in three days” ko ya ambaci sunan ranar. Haka “I'm coming” da mutum yake faɗa yana ficewa daga ɗaki, wadda ita ce “ina zuwa” tamu sak, takan rikita baƙo, domin shi ya ga mutum yana tafiya yana cewa yana zuwa. Abin da shi zai ce a nan shi ne “I'll be right back”.

Kunne ma yana da nasa aiki. A maganar yau da kullum ba a cika furta “I will” a cike ba, sai idan ana jaddadawa, abin da ake ji shi ne “I'll”, kuma “going to” takan koma “gonna”, wadda ya kamata a gane ta idan an ji amma kada a rubuta ta a takardar hukuma. Wanda ya fi haɗari shi ne “want” da “won't”, domin a bakin mai koyo sukan fito da sauti ɗaya, alhali ɗaya so ce ɗaya ƙi. “Won't” tana da wasali mai ja kamar na “go”, kuma aikatau tsirara ne yake bin ta, ita kuwa “want” gajeren wasali gare ta kuma “to” ce take bin ta. Idan layin waya ba shi da kyau kuma maganar kuɗi ake yi, ya fi aminci mutum ya warware ta ya ce “I will not”.

Saura kalmomin lokaci, waɗanda ƙanana ne amma su ne suke sa a saɓa alƙawari. “Nan da kwana uku” shi ne “in three days”, ba “after three days” ba. “La semaine prochaine” ita ce “next week”, ba a sa mata “the”, ba a kuma sa mata “in” ko “on”. Abin da Bafaranshe yake kira “huit jours” da “quinze jours” mako ɗaya ne da mako biyu, saboda haka wanda ya ce wa Bature “in fifteen days” ya ƙara masa kwana guda a kan abin da yake nufi, abin da zai ce shi ne “in two weeks”, ko “in a fortnight” idan da ɗan Ingila yake magana. “Next Friday” kuwa ko masu harshen kansu sukan yi saɓani a kanta, wani ya ɗauka Juma'ar da ke tafe, wani ya ɗauka ta makon gaba, don haka ambaton kwanan wata ya fi. Agogon ofisoshinmu na awa 24 ne, inda ake rubuta 16h, su kuwa sun fi sabawa da “4 p.m.”, kuma barin “a.m.” ko “p.m.” a cikin saƙo yana iya mai da ganawar yamma ta koma ta asuba. A rubutun kwanan wata da lambobi, Ingila tana farawa da rana kamar yadda muka saba a Nijar, Amurka kuma tana farawa da wata, ta yadda 03/04 a takardar Landan 3 ga Afrilu ne, a takardar Washington kuma 4 ga Maris. Mai cike takardar neman gurbin karatu ko ta biza ya rubuta sunan watan da haruffa duk inda aka ba shi dama, inda kuma akwatuna ne kawai ya duba ko “DD” ta rana ce a farko ko “MM” ta wata kafin ya sa lamba.